Ragon Liman a Cikin Waya

Kun zo kun ce in koya muku sayar da waya da gyaranta, har ɗayanku yana cewa, "Tonton, c'est facile, abu ne mai sauƙi, ai farashi kawai mutum zai haddace." To, ku gyara zama. Ni Habu, a kan teburin nan na kasuwar Roxy ta Adjamé, a nan Abidjan, furfura ta same ni, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai cikin sana'ar nan ba gilashin da na fasa ba ne, ba kuma wayar da ta ƙone a hannuna ba. Wani dattijo ne a unguwarmu ta Treichville, na sayar masa da waya sabuwa fil, ba ta da aibi ko ɗaya, ita ce ta zama sanadin zubewar sunansa a gaban jama'a. Ba na miƙa wa kowa turnabis, abin kwance ƙusa, sai ya ji wannan labari tukuna.

Ni ban fara da waya ba. Maigidana Malam Zakari, Allah ya jiƙansa, mai gyaran rediyo ne a wata rumfa kusa da tashar jirgin ruwa ta Treichville. Shekara biyu cur ina share ƙurar cikin rediyo da buroshi, ina ware ƙusoshi a murfin gwangwani, kafin ya yarda na taɓa ƙarfen dalma. Da salula ta shigo gari ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce idonsa ba zai iya da waɗannan ƙananan abubuwa ba, ni in bi ta. Daga nan na koma Adjamé. Kayan aikin ga su nan kuna gani: turnabis siriri kamar tsinken sakace, hantsaki, madubin da ke ƙara girman abu, da wannan mai hura iska mai zafi da ake ɗaga ekran, wato fuskar waya, da ita. Duk wannan a wata shida za ku iya. Abin da Malam Zakari ya fi naci a kai shi ne tambaya. Ko rediyo mutum ya zo saye, sai ya tambaye shi a ina zai ajiye, wa zai riƙa kunnawa, a ɗaki ko a bakin kasuwa. Ya kan ce ka san aikin hannun mutum kafin ka ɗora masa kaya.

Na tuna wani mahauci, Ɗanjuma, da ya kawo mini babbar waya mai lanƙwasasshen gilashi, karo na uku ke nan tana fashewa. Da na buɗe ramin caji, wallahi kitse na tarar a ciki ya daskare da garin ƙashi. Mutum ne da hannunsa ke cikin ruwa da mai tun safe, ita kuwa wayar sulɓi gare ta gaba da baya. Na ce masa, "Ɗanjuma, ka bar wannan a gida don Juma'a, ka ɗauki ƙarama mai bayan roba. Kuɗin ekran ɗin wannan kaɗai ya saya maka waccan sabuwa." Sai ya ɓata rai. "Wato ka ga ban isa ba ke nan?" Ya kwashi kayansa ya tafi wajen maƙwabcina. A garin nan waya ta zama babbar riga, mutane da ita suke auna juna. Ku riƙe wannan, don shi ne ya kayar da ni daga baya.

Kada ku ji na ce haka ku ɗauka babbar waya yaudara ce. A'a. Ku fita da ita tsakar rana a bakin tashar jiragen kaya, inda masu dako ke karanta saƙo babu inuwa ko ta hannu, za ku ga rubutu tangaran. Ƙarama kuwa sai ka kare ta da tafi kana ƙanƙance ido. Haka ma wajen sauri. Ranar da aka fito da su daga kwali duk biyun gudu suke, sai bayan watanni ake gane bambanci. Akwai wata hajiya mai sayar da atamfa a nan bayanmu, tana cikin rukunin hira sun fi goma, saƙon murya da bidiyon wa'azi da na biki suna zuba mata dare da rana. Ƙaramar wayarta ta cika, ta fara jan ƙafa, ta riƙa ɗaukar zafi kamar an ɗora ta a murhu. Ita babba ce ta dace da ita, na faɗa mata, ta saya, har yau tana sa mini albarka. Amma tsohon da ba ya komai sai kiran gida da sauraren karatu, me zai yi da wannan gudun?

Kyamara kuwa, nan aka fi yi wa mutane rufa ido. Za ku ga ido huɗu a bayan ƙaramar waya, biyu ado ne kawai. Kada ku dubi lambar da aka rubuta a kwali. Ku ɗauki hoton farin ƙyalle a cikin rana da kowace, ku buɗa hoton da yatsa biyu. Babba za ta nuna muku zaren ƙyallen, da inda ya yi dauɗa, da inda ya yamutse. Ƙarama ba ta bambance fari da fari. Duk abin da ke da haske sai ta ƙone shi ya zama fari fat, sauran kuma ta shafe shi sumul don kada a ga kasawarta. Sannan ga abin da yawancin masu saye ba su sani ba: abin da kyamara ba ta kama ba, babu ekran ɗin da zai dawo da shi. In ka tura hoton ƙarama zuwa babba, ekran ɗin babbar zai ƙara masa launi da sheƙi, ya yi kyau a ido, amma abin da ya ɓace ya ɓace. Na san wannan sarai tun kafin Alhaji Mamman ya tako shagona.

Alhaji Mamman dillalin raguna ne, kuma tun kafin a haife ku shi ke kawo ragon da Limamin unguwarmu ke yankawa a filin idi ran Babbar Sallah. Kun san yadda ake yi: Liman ne ke fara yanka a gaban jama'a, sannan kowa ya koma gida ya yanka nasa. Wannan rago ba ciniki ba ne a wurin Alhaji, girmansa ne. Saura kwana uku Sallah dattawan masallaci su kan aiko masa da manzo, a ce Liman na gaisuwa, a shirya rago. Duk shekara shi da kansa yake hawa mota zuwa kasuwannin Arewa, ya buɗe bakin dabba ya ƙirga haƙora, ya ɗaga fatar ido, ya shafa ƙafafu. In Alhaji Mamman ya ce rago ya isa layya, ba wanda ke sake dubawa. To, a wannan shekara gwiwoyinsa suka ƙi. Tafiyar kwana da kwanaki a mota ta gagare shi.

Yana da ƙane, Isuhu, mutum ne da ya haura hamsin, direban babbar motar da ke ɗauko musu dabbobin. Isuhu in ya ji ƙarar inji daga nesa zai gaya maka abin da ke damunsa, amma rago a wurinsa rago ne kawai. Wata safiya, saura kamar wata guda Sallah, suka zo tare, da wasu dattawa biyu da suka rako su. Na tashi na ba su benci.

"Habu," in ji Alhaji, "waya biyu nake so. Bana Isuhu zai shiga kasuwa a madadina. Ya riƙa ɗauko mini hoto yana turowa, ni ina zaɓa daga nan. Ka fito mana da babba ɗaya, ƙarama ɗaya."

Na fito da su na jera a kan tebur. Kafin in buɗe baki, Isuhu ya sa hannu biyu ya ɗauki babbar, ya ɗan rusuna ya miƙa.

"Yaya, ga taka."

Ya ɗauki ƙaramar ya jefa a aljihu. Ba wanda ya yi shawara, ba wanda ya yi tambaya. A wurinmu ai ba abin tattaunawa ba ne, ƙane ba ya riƙe abin da ya fi na wansa. Ni kuwa nan take na ga an juya abin. Mai ɗaukar hoto shi ke bukatar kyamara mai kyau. Wanda ke zaune a gida yana kallo, ko da matsakaiciya zai ga abin da aka turo masa. Maganar ta zo mini har baki. Amma ga dattawa biyu a zaune, ga masu jiran gyara a tsaye. Yaya zan dubi mutumin da ya girmi mahaifina in ce ya miƙa wa ƙanensa babbar, shi ya riƙe ƙarama? Sai na kewaya.

"Baba Alhaji, kyamarar wannan ta hannunka fa ta fi waccan nesa ba kusa ba."

Ya yi murmushi ya ce, "Ai shi ya sa take hannuna."

Dattawa suka yi dariya, ni ma na taya su. Na manna wa wayoyin gilashin kariya, na koya wa Isuhu inda zai danna, na raka su har bakin titi suka shiga mota.

Bayan mako biyu Alhaji ya biyo ta nan, fuskarsa a sake. Ya zaro wayar ya ce in zo in ga ragon Liman na bana. Balami ne fari, dogo, mai ƙaho a murɗe. Isuhu ya yi yadda aka umarce shi, ya ɗauko dama da hagu, ya ɗauko haƙora da kunnuwa da ƙafafu. A kan wannan ekran ragon sai ƙyalli yake. A hoton gefen hagu akwai ɗan ɗigon fari a tsakiyar ido. Alhaji ya nuna mini shi da yatsa ya ce, "Dubi yadda idonsa ke walƙiya, wannan lafiyayye ne." Ni ma hasken rana na ɗauke shi, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma na buɗa hoton na ga yana wargajewa, na san ba hoton da za a yanke hukunci a kansa ba ne. Da na ce a sa Isuhu ya ari wayar wani ya sake ɗauka, da an gama. Abin da na ce shi ne, "Tubarkalla."

Motar ta maƙale a hanya, kun san halin hanyar nan gab da Sallah. Ba ta shigo Abidjan ba sai da safiyar idi, mutane sun riga sun fara fita da tabarmi. Daga mota aka sauke ragon, aka goge masa jiki, aka wuce da shi fili kai tsaye. Alhaji yana sahun gaba a zaune, bai samu ya ɗora masa hannu ba.

Aka yi salla, aka yi huɗuba, aka jawo rago. Ina tsaye ba nisa. Sarkin pawa ne ke kayar wa Liman da dabba duk shekara. Ya kama ƙahon zai murɗa, sai na ga ya tsaya. Ya juya kan ragon wajen haske, ya wuce da tafin hannunsa ta gaban idon hagu. Ragon bai ƙifta ba. Ya sake, bai ƙifta ba. Hakiya ce ta rufe idon, fara sol. Ya matsa ya yi wa Liman raɗa, ga wuƙa a hannun Liman. Kowa a filin nan ya san mai ido ɗaya ba ya layya.

Innalillahi. Ban taɓa jin taro ya yi tsit irin na wannan rana ba, sannan ƙus-ƙus ya fara tashi daga sahu zuwa sahu. Ba wanda zai iya tafiya ya yanka nasa, dole a jira Liman. Mahautan da aka yi alkawari da su a gidaje suna tsaye da wuƙaƙensu, rana tana ɗagawa, tsofaffi suna fifita da hula. Wani ɗan kasuwa ya tura gida aka ɗauko nasa ragon, kafin a iso da shi an kusa awa guda. Liman mutumin kirki ne, ya je har inda Alhaji yake ya ce, "Alhaji, kuskure ne, Allah ya ga niyya." Alhaji bai ɗago kai ba. Yana nan zaune a kan dardumarsa har fili ya watse.

Kafin la'asar magana ta haye gada ta iso Adjamé. Wasu suka ce tsufa ne. Wasu marasa tsoron Allah suka ce ya sani, mai araha ya samu ya lallaɓa wa Liman. Mutumin da ya yi shekaru yana wannan hidima ba a taɓa kama shi da ko yagaggen kunne ba.

Rana ta uku Alhaji ya aiko in zo. Na same shi a tsakar gida a kan kujera, Isuhu na tsugune a gefe, ragon na ɗaure a gindin mangwaro yana cin ɓawon rogo. Na gaishe shi ya amsa. Ya miƙo mini wayoyin biyu.

"Je ka tsaya inda rana take dukansa. Ɗauki idon nan da wannan, sannan ka ɗauka da wannan."

Na yi. Na kawo masa na jera su a cinyarsa. A hoton ƙaramar, ɗigon haske ne mai kyau, kamar na kowane ido. A hoton babbar kuwa ga hakiyar nan ɓaro-ɓaro, har da jan jijiyar da ta kewaye ta, har ƙudan da ya sauka a gefen idon ana ganin fiffikensa. Ya daɗe yana duban su.

"Ka san haka ranar da muka zo wurinka?"

"Na sani, Baba."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na ji nauyinka. Akwai mutane."

"Mutum nawa ne a shagonka ranar?"

"Biyar ne ko shida."

"A filin idi fa?"

Kunya ta rufe ni, na ji da ma ƙasa ta tsage. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Ya juya ya miƙa wa Isuhu babbar wayar. Isuhu ya ja da baya.

"Haba Yaya, ni ba zan riƙe abin da ya fi naka ba."

"Karɓi. Wannan nauyin da kuke ji ne ya kai ni inda nake."

Wannan ita ce muguwar shekarata. Alhaji bai kai ƙarata wurin kowa ba, amma Isuhu ya ba abokansa labari, su ma suka ba nasu. Dillalan dabbobi da mahauta, waɗanda su ne ƙashin bayan cinikina, suka ɗauke ƙafa. Ba wanda ya ce mini kanzil. Za su biyo ta gaban teburin nan, mu gaisa, a tambayi iyali, su wuce rumfa ta gaba. Na koma canza ramin caji da manna gilashi wa masu wucewa, wata rana in wuni ban buɗe kwali ko ɗaya ba. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya zo wurinka ba waya kaɗai ya zo saye ba, ya zo ne don ka san abin da bai sani ba. In za ka sani ka yi shiru, gara ya saya a hannun mai talla a bakin titi. Tun daga lokacin ko wane ne ya zauna a bencin nan, ko da rawani ya zo, sai na tambaye shi wa zai ɗauka, wa zai kalla. In maganar mai nauyi ce na kan ja shi gefe, amma sai na faɗa. Wasu sun yi fushi sun tafi, ban kuma bi su da ban haƙuri ba.

Da shekara ta zagayo, Isuhu ya koma Arewa da babbar wayar. Hotunan da ya turo, ko a ƙaramar da ke hannun Alhaji, kana iya ƙirga gashin ido. Suka yi sammakon tafiya, motar ta iso saura kwana goma Sallah. Alhaji ya sa aka kai shi har inda ake saukewa, ya dafa sanda ya buɗe bakin ragon da ya zaɓa, ya ɗaga fatar ido biyu, ya shafa ƙafafu huɗu. Aka kai ragon gida aka ɗaure daban. Saura kwana uku, ya sa aka share ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarma saboda manzon masallaci. Ya zauna tun hantsi har magariba. Washegari ma haka. Ashe dattawa sun riga sun yi magana da wani dillali tun da azumi, kuma su ma nauyinsa suka ji, ba wanda ya iya zuwa ya gaya masa.

Da safiyar Sallah na biya ta gidansa a hanyata ta zuwa idi. Na tarar ya sa babbar riga ya yi naɗi, yana zaune kusa da ragon. An wanke dabbar tas, har an ɗaura mata sabuwar igiya.

"Habu, zo ka duba idonsa."

Na tsuguna na duba dama, na duba hagu, na wuce da hannuna ta gabansu. Ragon ya ƙifta ya kau da kai.

"Lafiya lau, Baba. Babu abin da ya same shi."

"To, kai dai ka gani."

Muna jin kabbarar masu wucewa a titi. Na ce ya zo mu tafi kada mu makara. Ya ce in yi gaba, zai ɗan ƙara jira, wataƙila an manta ne za a turo a ɗauka. A filin idi na tarar wani ragon aka tanadar wa Liman. Alhaji ya iso ana tayar da salla, ya tsaya a sahun baya.

Shekara huɗu ya ƙara a duniya bayan wannan. Kowace shekara in motar Isuhu ta iso, sai ya ware rago ɗaya mafi kyau, ya hana a sa masa kuɗi, ya sa a wanke shi a ɗaure daban. Saura kwana uku Sallah a share ƙofar gida, a shimfiɗa tabarma. Ba a aiko ba.